Likitan hoto ko mai ɗaukar hoto: amsa ga Hajiya kan karatun 'yarta

Hajiya, kin ce 'yarki ta gama sakandare a Gombe, ranta na kan aikin hoton asibiti, amma kin rasa gane ko likita za ta nema ko ɗaukar hoto, da kuma wanda ya fi albashi. Shekarata 9 ina ɗaukar hoto, bari in gaya miki abin da nake gani kullum.

Aikin ba ɗaya ba ne, ko da yake a sashe ɗaya muke. Mai ɗaukar hoto, wato radiyografa, shi zai tsayar da majiyyaci gaban na'ura, ya gyara masa kafaɗa, ya ce "ja numfashi, riƙe, kar ka motsa", sannan ya danna. Likitan hoto kuwa yana zaune a ɗaki mai duhu gaban kwamfuta, shi zai ce wannan inuwar da ke cikin huhu tarin fuka ce ko ƙari, ya rubuta rahoto ya sa hannu. Da rahotonsa likitan tiyata ke yanke shawarar ko a shiga da mutum ko a fasa.

Inda suka fi rabuwa shi ne tsawon hanya. Radiyografi shekara 5 ce a jami'a, kuma ana yin ta a Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri da Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sai shekara 1 ta sanin makamar aiki, rajista da RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, sai bautar ƙasa. A shekara 7 ta fara riƙe kanta.

Likitan hoto kuwa sai ta fara zama likita tukuna: shekara 6 ta karatu, shekara 1 ta horo a asibiti, bautar ƙasa. Bayan nan ta ci jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ta nemi gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa irin na Tarayya da ke nan Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBUTH) a Bauchi. Horon kan ci shekara 5, wani ma ya fi, da manyan jarrabawa biyu da bincike. Ki ƙirga, shekara 13 ke nan ko fiye, in ba a haɗu da yajin aiki ba. Sai dai ba zaman banza ba ne, tana karɓar albashin likita tun tana horon.

Batun kuɗi ba zan ɓoye miki ba, likita ya fi mu. A asibitin Tarayya likitoci suna kan tsarin albashi na CONMESS mai matakai 7, mu muna kan CONHESS mai matakai 15 tare da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini. In likitan hoto ya kai matsayin ƙwararre, tazarar tana da yawa. Ga shi kuma ba su da yawa a Arewa maso Gabas, don haka cibiyoyi masu zaman kansu ke bin su da hotuna. Yanzu ma ta intanet ake tura hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, daga wani gari, ya karanta daga gida bayan Isha'i a biya shi. Wannan kaɗai ya sa nake ganin aikin ya dace da mace mai iyali.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Wanda ya ƙware a sikanin ba ya rasa aiki. Ki leƙa kowace cibiya da safe ki ga layin masu juna biyu, kowa da kati a hannu. Fita waje kuwa duka biyun suna samu, musamman Ingila da Saudiyya, amma likita yakan sha jarrabawa masu tsada kafin hanya ta buɗe masa.

Na san za ki yi tunanin illar hasken X-ray da na'ura ke fitarwa. Mu muka fi kusa da shi, shi ya sa muke tsayawa bayan bangon dalma, kuma kowa na maƙale da ɗan bajo a ƙirji mai auna abin da jiki ya ɗauka. Sikanin da MRI, mai aiki da maganaɗisu, ba su da wannan hasken. Abin da ya fi ci mini rai daban ne: akwai lokacin da na'urar CT ta wani asibiti da na yi aiki ta lalace wata da watanni, muna kallo ana tura marasa lafiya wata jiha.

Ni a ganina, in makinta na JAMB ya kai kuma gida zai iya riƙe ta shekara 6 ɗin farko, ta nemi likitanci. In kuwa akwai ƙanne da ke jiran ta ɗauke miki wani nauyi, ta shiga radiyografi da zuciya ɗaya. Kafin ta cike fom, ki nema mata izini ta wuni a sashen hoto, ta tsaya wajen na'ura da safe, da rana kuma ta zauna kusa da mai rubuta rahoto.