Valganciclovir: ya yi wa ƙanwata aiki, amma akwai tsada da sharuɗɗa

Jama'a duk mai fama da gyambon babban hanji irin wanda likitoci ke cewa ulcerative colitis, ko mai jinyar wani, don Allah ya riƙe sunan maganin nan, ni dai na ga aikinsa a kan ƙanwata. Ta jima kan prednisolone, maganin rage kumburin hanjin, amma gudawar jini ta ƙi tsayawa, wannan ya ce atini ne a sha Flagyl wancan ya ce basir ne a nemo sassaƙe, ga zazzaɓi ga rama har zobenta ya daina zama a yatsa. Sai da likitan ciki ya zura mata kyamara ta ƙasa ya ɗebo ɗan naman hanji aka kai lab, ashe wata ƙwayar cuta ce irin ta bairos da ake kira CMV (cytomegalovirus) ta farka. Yawancinmu muna ɗauke da ita tana kwance shiru, sai an danne garkuwar jiki da irin su prednisolone ko azathioprine take tasowa, shi ya sa ana ta shan maganin abin na ta gaba.

An fara mata da ɗan'uwansa ganciclovir ta jijiya a asibiti, da aka sallame mu aka koma ƙwayar valganciclovir ɗin ta sha, 450mg ce, biyu safe biyu dare tare da abinci, na ƴan makonni. Jinin da ke fita a bayan gida ya riƙa raguwa a hankali har ta fara kwana ba ta tashi bayi ba, wallahi ranar da ta ce a dafa mata tuwo sai da Umma ta yi hawaye.

Amma fa tsada ba a magana, kuma kemis na unguwa ko sunansa ba su taɓa ji ba, sai manyan famasi a yi maka oda, a duba lambar NAFDAC da kyau. Yana rage fararen ƙwayoyin jini sosai, dole a riƙa gwajin jini ana duba ƙoda, kar a ce an ji sauƙi a daina zuwa. Ba a fasa ƙwayar ko a niƙa ta. Yana illata ɗan tayi, mace ta guji ɗaukar ciki tana sha har wata ɗaya bayan ta gama, namiji kuma ya guji yi wa mace ciki yana sha har kwana 90 bayan ya gama. Kuma kar wanda ya saya da kansa don ya ga jini a bayan gida, sai gwajin hanji ya nuna CMV ɗin likita ya rubuta.