Awon ƙarfin inji a Jamus, da takardar da ke zuwa muku cikin motocin Beljiyam

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya gareji, ya yaran aiki? Allah ya ƙara buɗi.

Maganar takardar nan da ka ce ana samu a wasu motocin da ke shigowa ta Kwatano, mai zanen layuka biyu da lambar ƙarfin inji kamar doki 280 ko 300, har dillali ya ƙara kuɗi saboda ita. Takardar daino ce, na'urar awon ƙarfin inji. A nan Jamus kusan kowane babban gari akwai garejin da ke da ita, kuɗin awo yana kaiwa wajen Yuro 100, sama ko ƙasa, mota mai jan ƙafa huɗu kuma ta fi tsada. Aiki ne mai amfani ƙwarai, kuma ina fata a ce garejojinmu suna da ita. Amma lambar da ke kan takardar ba abin rantsuwa ba ce, ga kuma dalili.

Daino ba ta auna doki kai tsaye. Tana auna ƙarfin murɗawa da saurin juyi, sai kwamfuta ta yi lissafi: ƙarfin murɗawa a ma'auninsa da ake rubutawa Nm, a ninka da juyin inji a minti, a raba da 9549, ya ba da kilowat. Injin da ke ba da Nm 300 a juyi 5,000 yana da kilowat 157. Tun daga nan rabuwa ke farawa, don dokin Jamus, wanda suke rubutawa PS, wat 735.5 ne, na Amurka da Ingila kuwa wat 745.7. Wannan injin guda PS 214 ne a takardar Jamus, doki 211 a ta Amurka.

Su kansu injinan awon ba iri ɗaya ba ne. Na gaske shi ne a sauke inji daga mota a ɗaura shi a kan benci, kamar yadda kamfanonin ƙera mota da masu injin tsere suke yi da irin su SuperFlow. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, don haka kusan duk takardun da za ku gani daga rola suke, inda ake hawa da mota tayoyi su riƙa juya manyan gangunan ƙarfe. Dynojet ta Amurka an fi saninta da ganga mai nauyi sananne, tana duba yadda mota ke hanzarta shi. Mustang da MAHA ta nan Jamus suna da birkin lantarki da ke danne rola kamar mota na hawan tudu. Dynapack kuwa cire taya ake yi a ɗaura na'urar a jikin hob, wato inda ake ɗaure tayar. Mota ɗaya, rana ɗaya, a zaga da ita waɗannan, za a dawo da lambobi mabambanta, kuma masu sana'ar a Amurka sun daɗe da sanin cewa Mustang ta saba ba da lamba ƙasa da Dynojet. Lamarin kamar mudu ne, kowace kasuwa da nata.

Inda aka fi ruɗa mutane shi ne tsakanin ƙarfin da ya isa taya da ƙarfin da ya fito daga inji. Giyabos, aksul da taya duk suna cin nasu. Amurkawa yawanci lambar taya suke bayarwa, sai mai mota ya ƙara kashi 15 da ka, ko 20 zuwa 25 idan mai jan ƙafa huɗu ce. Wannan kintace ne kawai. Jamusawa sun fi kyautata wannan ɓangare: ana sa mota a giyar da ta fi kusa da juyi ɗaya da ɗaya, galibi ta huɗu ko ta biyar, a take totur har ƙasa daga wajen juyi 2,000 zuwa jan layi, wato iyakar juyin injin, sannan a taka kuloci a bar tayoyi su yi ta juyawa har su lafa. A wannan lafawar na'ura ke auna abin da giya da taya suka ci, ta haɗa da na taya, ta fitar da na inji. A ganina wannan ya fi gaskiya nesa ba kusa ba. Sai dai a mota atomatik lissafin yana karkacewa, domin ba kulocin da za a raba inji da giya tsaf, ga kuma giyar da kan sauko da kanta in an danna totur idan ba a kulle ta ba.

Sai gyaran yanayi, wanda shi ne ya fi shafarmu. Inji iska yake shaƙa, iska mai zafi ko ta kan tudu kuwa ba ta da kauri. Saboda haka kwamfuta tana mayar da sakamakon zuwa wani yanayi da aka yarda da shi. Ƙa'idar SAE J1349 tana ɗaukar digiri 25 da matsin busasshiyar iska kilofaskal 99. DIN 70020 ta Jamus tana ɗaukar digiri 20 da miliba 1013. Tsohuwar STD ta Amurka digiri 15.6 take ɗauka, don haka tana fin SAE da wajen kashi 4. Sauya wannan zaɓin kawai a kwamfuta yana ƙara wa motar doki 300 kusan doki 12 ba tare da an taɓa ko ƙusa ba. Kullum a duba ƙasan takarda a ga wace ƙa'ida aka bi da lambar gyaran. Idan ta wuce 1.05 ko makamancin haka, rabon lissafi a cikin sakamakon ya fara yawa. A injin turbo na zamani abin ya fi muni, don ƙwaƙwalwar motar da kanta take ƙara iska ta cike giɓin, sai daino ta sake ƙara nata gyaran a kai.

Ma'anar wannan a gida: injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 a kowane mita 300 na tsawo. Kano tana wajen mita 480, a haɗa da zafin digiri 40 na watan Afrilu, kashi 6 zuwa 7 sun tafi. A Jos, da ke wajen mita 1,200, asarar ta fi haka duk da sanyinta. Motar lafiyarta ƙalau, iskar ce ta canza.

Ko a rola guda abubuwa da dama na ɓata awo. Taya mai ƙarancin iska ko igiyar ɗauri da aka tsananta suna cin ƙarfi. Wadda aka sassauta kuma taya na zamewa a kan ganga, layin ya yi tsalle. Idan fankar gaban mota ƙarama ce, lagireto da intakula, mai sanyaya iskar turbo, suna ɗaukar zafi, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya, wato ta jinkirta tartsatsin fulogi, awo na uku ya fito ƙasa da na farko. Idan ma'aunin zafin ɗakin yana kusa da inji ko salansa, zai karanta zafin ƙarya, gyaran ya kumbura lamba. Marar amana kan auna mota da zafinta kafin aiki, ya bar ta ta huce bayan aiki, bambancin ya zama shaidar gwanintarsa. Garejin kirki yana maimaita awon sau uku aƙalla, da zafin ruwa da na baƙin mai iri ɗaya a kowanne, kuma sakamakon ya kusanci juna da kashi 1 ko 2. Amfanin daino na haƙiƙa ke nan: mota ɗaya, na'ura ɗaya, giya ɗaya, kafin aiki da bayansa.

Ku da ba ku da daino, sikanar OBD2 da ke hannunku tana iya ba ku kintace mai kyau a injin fetur. A buɗe karatun MAF, sensar da ke auna iskar da inji ke shaƙa, a giram a sakan, a take totur har ƙasa a giya ta biyu ko ta uku a hanyar da ba kowa, a ɗauki lamba mafi girma, a raba da 0.8, ya ba da doki. Camry ta 2007 mai inji 2.4 doki 158 kamfani ya ba ta, don haka a Kano a sa ran ganin MAF ta nuna wajen giram 115 zuwa 125. In aka ga 95, a duba filtar iska, toshewar katalis a salansa, ko dattin MAF ɗin kanta, wadda kan karanta ƙasa in ta yi ƙura. Nozul ma na tona asiri: guda huɗu masu cc 440 a minti, a matsin mai na bar 3, ba za su ciyar da injin turbo fiye da wajen doki 250 ba, ko me takarda ta ce.

Abu na ƙarshe shi ne mai. A nan famfo yana da fetur mai lambar oktan, wato juriyarsa ga ƙwanƙwasa, 95, da 98, wasu gidajen har 102, kuma motar da aka taɓa ƙwaƙwalwarta yawanci a kan 98 aka daidaita ta. Doka ma ta ce ƙarin ƙarfi sai an duba shi a wurin masu binciken mota irin su TÜV ko DEKRA an shigar a takardun motar, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi. A gidajen manmu fetur kala ɗaya ne. Injin da aka matsa wa iska da wuta saboda 98, in ya sha man da bai kai ba cikin zafin rana, zai fara ƙwanƙwasa. Sensa za ta ja wuta baya ƙarfi ya ragu, in abin ya wuce iyakarta kuma fistin ko ringi su tafi. Idan irin wannan motar ta shigo garejinku, Yaya, ku duba ja da bayan wuta a sikana yayin da take cikin nauyi, ku duba fulogi ko akwai ɗigo-ɗigo a jikinsu, kuma ku shawarci mai ita a mayar da ƙwaƙwalwar kan tsarin kamfani kafin ya fara dogon zango da ita.

A gaida Hajiya da sauran mutanen gida.