Stack Overflow: Taska Mai Albarka ga Mai Karatu, Mai Tsauri ga Mai Tambaya

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja, ko da yaren manhaja na Python ya soma ko da na JavaScript, ba zai jima ba kafin bincike ya kai shi Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a shekarar 2008, wanda kamfanin Prosus ya saye a 2021 kan dala biliyan 1.8. Karatu kyauta ne, tambaya ma kyauta ce, masu amsawa kuwa 'yan sa kai ne da ba a biyansu ko kwabo.

Ta fuskar karatu, ban san wani wuri da ya kama ƙafarsa ba. Masu amfani da dandalin suna jefa wa kowace amsa ƙuri'ar yabo ko ta suka, mai tambaya kuma yana sanya alama a kan wadda ta warware masa matsala, don haka amsa mai inganci takan taso sama. Sai dai wajibi ne mai karatu ya duba shekarar da aka rubuta ta, domin abin da ya yi aiki a Python 2 yana iya ƙin aiki a Python 3.

Inda ake samun saɓani shi ne wajen tambaya, kuma a ganina tushensa rashin fahimtar manufar wurin ne. Sabon shiga yana ɗaukarsa majalisar hira, alhali an gina shi ne a matsayin taskar da dubban mutane za su amfana da kowace tambaya shekaru bayan mai ita ya tafi. Shi ya sa ake rufe tambayar da aka taɓa amsa irinta, da wadda ke neman ra'ayi kamar wane yaren manhaja ya fi kyau, kuma ƙuri'a uku daga waɗanda suka tara maki 3,000 (makin da ake samu musamman daga ƙuri'un yabo) sun isa a rufe ta. Hatta gaisuwa da godiya akan goge su daga rubutu. Ga Bahaushe da ya tashi da sanin cewa ba a shiga magana sai da sallama, wannan yana da ciwo, amma ba raini ba ne, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa. Abin da ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne halin wasu tsofaffin mambobi da ke jefa ƙuri'ar suka ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, har ɗalibi ya karaya ya daina tambaya. Kamfanin Stack Overflow da kansa ya amsa wannan laifi a watan Afrilun 2018, ya fitar da sabuwar ƙa'idar ɗabi'a a shekarar, sannan a 2024 ya buɗe sashen Staging Ground, inda gogaggu ke duba tambayar sabon shiga kafin ta fita bainar jama'a. Gyara ne mai kyau, amma ya makara.

Duk da haka, mafi yawan tsangwamar ana iya kauce mata. Mai tambaya ya fara da bincika saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna masa, idan kuma ya ga tsohuwar tambaya mai kama da tasa, ya ambace ta, ya faɗi dalilin da amsarta ba ta yi masa aiki ba. Taken tambaya ya bayyana matsalar kanta, domin "Don Allah a taimaka da gaggawa" ba ya gaya wa kowa komai. Mafi muhimmanci shi ne ya tsame layukan umarni kaɗan da ke haifar da matsalar, waɗanda wani zai iya kwafa ya gwada a tasa kwamfutar, ya rubuta su a rubuce, ba hoton allo ba, tunda ba a kwafar rubutu daga hoto. Ya haɗa da cikakken saƙon kuskuren, da zubin manhajar da yake amfani da shi, da abin da ya sa ran gani da abin da ya gani. Sau da yawa a wajen wannan tsamewa mutum kan gano kuskurensa da kansa. Haka nan ya faɗi ainihin abin da yake son cimmawa, don mai yiwuwa hanyar da ya ɗauko tun farko ce karkatacciya. Bayan ya aika, ya zauna kusa don amsa masu neman ƙarin bayani, kada kuma ya mayar da gyara abin faɗa.

Tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, a ƙarshen 2022, wanda dandalin ya haramta kwafo amsoshinsa a watan Disambar shekarar, sababbin tambayoyi sun ragu ƙwarai, kuma na fahimci dalili, tunda na'ura ba ta yi wa kowa tsawa. Amma takan ba da amsar kuskure da cikakken tabbaci, babu kuma wanda zai zo ya yi mata gyara a fili. Dandalin yana da rassa da harsunan Rashanci da Sifaniyanci da Fotugis da Japananci, babu na Hausa, saboda haka ɗalibinmu zai rubuta tambayarsa da Turanci. Ina ba shi shawarar ya shafe makonni yana karanta tambayoyin da suka samu karɓuwa kafin ya aika tasa ta farko.