Shugaba mai jan abokin hamayya da mai ture shi

A shekarar 1995 kaɗai, Yamai ta ga hanyoyi biyu na mulki. Ta farko ita ce ta ture wanda ba naka ba. Bayan zaɓen ƴan majalisa, shugaban ƙasa Mahamane Ousmane ya sami kansa da faraminista Hama Amadou daga ɓangaren adawa. Zaman ya zama na doya da manja, har taron ministoci ya riƙa gagara, aikin gwamnati ya tsaya. A Janairun 1996 soja suka kwace mulki, duka biyun suka rasa.

Hanya ta biyu ta fi wuya, ni kuma ita nake girmamawa. A ranar 24 ga Afrilun 1995 gwamnati ta sa hannu da ƴan tawayen Abzinawa kan yarjejeniyar sulhu. Mutanen da jiya suke ɗauke da bindiga, aka zauna da su, aka saurari kukansu game da arewa, daga baya aka shigar da wasunsu aikin soja da na gwamnati. Rikici bai ƙare ƙurmus ba, ya sake tashi a 2007, amma Nijar ta mayar da wannan rana ranar hutu a matsayin ranar haɗin kan ƙasa.