Kafin ka sayi katangar tsaro ta ofis: Fortinet, Palo Alto, Cisco, MikroTik ko OPNsense?

Na'urar da ke zaune tsakanin intanet da kwamfutocin ofis, wadda masu sana'a ke kira fayawol ko katangar tsaro, tana cikin abin da masu kutse suka fi farauta a 'yan shekarun nan. Dole ta fuskanci waje dare da rana, tana riƙe da kalmomin sirrin ma'aikata, kuma ba a iya sa mata manhajar sa ido irin wadda ake sa wa kwamfuta. Wanda ya shige ta ya shiga har ɗaka.

Mai saye yakan fara da tambayar wane kamfani ne ba a taɓa huda na'urarsa ba. Babu shi. A ranar 16 ga Oktoba 2023 Cisco ya sanar da ɓaraka mai lamba CVE-2023-20198 a shafin gudanarwa na manhajar IOS XE, kafin facin farko, wato gyaran manhajar da ke toshe ɓarakar, ya fito ranar 22 ga wata an riga an dasa wa na'urori sama da 40,000 muguwar manhaja. Kamfanin Ivanti ya sanar da tasa ranar 10 ga Janairu 2024, faci bai fito ba sai 31 ga wata, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin Amurka su cire na'urorin daga layi. Palo Alto, wanda ake ganin ya fi kowa tsada, ya sanar da CVE-2024-3400 a sashen GlobalProtect, na shigowar ma'aikata daga nesa, ranar 12 ga Afrilu 2024, ya fara fitar da faci bayan kwana biyu. Fortinet kuwa ya sha fama da sashen SSL VPN ɗinsa, hanyar da ma'aikata ke bi su shigo ofis daga nesa, a 2019 da 2022 da 2023 da 2024. Tunda kowa na da tabonsa, abin da kake biya kuɗi a kai shi ne faci: saurin fitowarsa, shekarun da za a ci gaba da ba ka shi, da wanda zai zauna ya saka shi.

Manyan kamfanoni masu lasisin shekara

FortiGate na Fortinet, da na'urorin Palo Alto, Cisco da Sophos, duk suna bincikar abin da ke wucewa ta cikinsu, su gane muguwar manhaja da shafukan damfara, su tare hari da sun ga alamarsa. Banki, asibiti, jami'a ko kamfanin da ke riƙe da bayanan jama'a yana buƙatar wannan. Amma kuɗin akwatin rabin labari ne. Ana sabunta lasisi kowace shekara, farashin kuma da dala ake ƙiyasta shi, kuma duk wanda ya yi kasafi da naira kafin watan Yuni 2023 ya san yadda lissafi ya rikice bayan an saki canji. Ka sa dillali ya rubuta maka jimillar shekara biyar, akwati da lasisi da tallafi, sannan ka kwatanta. In da hali, ka biya shekara uku a tashi ɗaya. A wajen Fortinet, sauko da sabuwar manhaja daga shafin tallafi na buƙatar yarjejeniyar FortiCare mai rai, don haka ofishin da ya kasa sabuntawa ya zauna ke nan da ƙofa mara sakata. Cisco ya saba rubuta a sanarwarsa ta tsaro cewa wanda ba shi da yarjejeniya zai iya neman facin kyauta daga sashensa na tallafin fasaha, TAC, idan ya kawo lambar na'urarsa da adireshin sanarwar. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Sophos kuma yana tura ƙananan faci kai tsaye zuwa na'ura idan ba a kashe wannan tsarin ba, abin da ke da amfani ƙwarai ga ofis mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya tilo.

Kada babban adadin da ke saman takardar bayani ya ruɗe ka. FortiGate 60F, alal misali, an rubuta masa gigabit 10 a daƙiƙa, amma idan an kunna dukkan bincike yana saukowa zuwa megabit 700. Wannan ƙaramin adadin shi ne naka. Na'urar da ta yi wa ofis ƙanƙanta takan sa intanet ya yi nauyi, ma'aikata su yi ta ƙorafi, ƙarshe a kashe binciken da saboda shi aka kashe kuɗin.

MikroTik da OPNsense

MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, shi ne abin da ƙananan masu raba intanet, otal-otal da makarantu suka fi riƙewa, saboda araha da kuma sabunta manhajarsa RouterOS kyauta ba tare da lasisin shekara ba. A matsayin rauta ba shi da laifi, kuma RouterOS 7 na ɗauke da WireGuard, wata hanyar shigowa ofis daga nesa. Sai dai ba ya bincikar abin da ke cikin saƙo irin na manyan, kuma yana barin komai a hannun mai saiti. Ɓarakar 2018 a Winbox, manhajar gudanar da MikroTik, mai lamba CVE-2018-14847, ta ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri ta ƙofa mai lamba 8291. An yi faci a Afrilun shekarar, amma waɗanda suka sabunta manhaja ba su canza kalmar sirri ba sun ci gaba da zama a hannun ɓarayi, har aka haɗa rautocinsu cikin rundunar na'urorin da aka yi wa kutse mai suna Mēris, wadda ta kai manyan hare-hare a 2021. Idan MikroTik za ka saya, ranar farko ka shiga /ip service ka kashe telnet, ftp, www da api, ka taƙaita Winbox da SSH ga adireshin cikin gida kawai, ka ƙirƙiri sabon mai gudanarwa ka goge admin.

OPNsense da pfSense manhajoji ne da ake ɗorawa kan ƙaramar kwamfuta mai ƙofofin kebul biyu ko fiye. OPNsense na fitar da babban sigo a Janairu da Yuli, da ƙananan gyare-gyare a tsakani. Ga ofishin da ke da injiniyan da ya san hannunsa, wannan zaɓi ne mai kyau sosai. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: ranar da injiniyan ya samu wani aiki, ilimin ya tafi da shi, sai in an tilasta rubuta saitin da ajiye kwafinsa.

Na hannu, da wanda wa'adinsa ya ƙare

A nan ne aka fi asara. Tsohuwar na'urar Cisco ko FortiGate da aka shigo da ita gwanjo tana kunnuwa lafiya, fitilunta na walƙiya, farashinta kuma na jan hankali. Amma kowace na'ura na da ranar daina sayarwa da ranar daina tallafi, kuma a Cisco da Fortinet tazarar da ke tsakani yawanci shekara biyar ce. Bayan nan ba faci, komai munin ɓarakar. A Janairu 2023 Cisco ya fito fili ya ce ba zai gyara CVE-2023-20025 a rautocin RV016, RV042, RV042G da RV082 ba, domin wa'adinsu ya wuce. A Janairu 2024 hukumar FBI ta sanar da tarwatsa wata runduna ta ɗaruruwan rautocin da ƙungiyar masu kutse ta Volt Typhoon ke fakewa a bayansu, akasarinsu tsofaffin Cisco da Netgear ne da aka daina tallafa wa. Jerin XG na Sophos ma wa'adinsa ya ƙare ranar 31 ga Maris 2025.

Ko da wa'adin bai ƙare ba, lambar FortiGate na hannu takan kasance a rajiste da sunan mai shi na farko, sai an yi canjin mallaka kafin ka iya sa masa lasisi. Ga kuma jabu. A 2020 kamfanin F-Secure ya binciki na'urorin Catalyst 2960-X na jabu da suka daina aiki daidai lokacin da aka sabunta musu manhaja, a 2024 kuma wata kotun Amurka ta ɗaure Onur Aksoy shekara shida da rabi kan safarar jabun kayan Cisco. Kafin ka biya ko kwabo, ka karɓi lambar na'urar, ka duba ta wurin kamfanin, ka kuma nemi sanarwar ƙarshen wa'adin samfurin. Sabo ma a duba, domin dillali na iya sauke maka abin da saura wata shida a daina sayarwa. Sabon MikroTik mai samun faci ya fi tsohon babban suna da aka yaye.

Ta ina ma'aikata za su shigo daga gida?

In ka lura da jerin da ke sama, ɓarakar wuri biyu take fitowa: shafin gudanarwa da aka bari a buɗe ga intanet, da shafin SSL VPN. Na farko ba ya cin kuɗi, rufewa kawai ake yi. A lamarin IOS XE umarni biyu sun isa toshe hanyar, no ip http server da no ip http secure-server. Haka umarnin no vstack ke rufe Smart Install, tsarin Cisco na saita na'ura daga nesa, a ƙofa 4786, ɓarakar 2018 da FBI ta sake gargaɗi a kanta a Agusta 2025 saboda har yanzu ana shiga ta nan.

Na biyun shi ke shafar saye. Fortinet da kansa ya cire hanyar haɗin SSL VPN (tunnel mode) daga manhajarsa FortiOS 7.6.3, ya ce a koma IPsec, wani nau'in VPN daban, kuma ƙananan samfura masu ƙwaƙwalwar gigabayit 2 sun rasa shi tun 7.6.0. Idan dillali na tallata maka SSL VPN a kan irin wannan samfurin, abin da ke kan hanyar fita yake sayar maka. A ra'ayinmu sabon saye ya tsaya kan IPsec mai IKEv2 da satifiket, ko WireGuard, wanda ba ya amsa wa kowa sai mai mabuɗi. A haɗa da tantancewa mataki biyu, a kuma tambayi kuɗin lasisinta tun yanzu, don wasu daban suke sayar da ita.

Ƙanana biyu ko babba ɗaya

Abin da ya fi hana saka faci shi ne tsoron yanke intanet. Sabuntawa na buƙatar sake kunna na'ura, shugaba kuma ba ya son a tsayar da aiki, sai a ce sai ƙarshen wata, watan ya zama shekara. Na'urori biyu iri ɗaya da aka haɗa su yi karɓa-karɓa suna warware wannan: a sabunta ɗaya, ɗayar na riƙe da layi, sannan a juya. Ga wurin da ba ya rufewa, kamar asibiti ko cibiyar biyan kuɗi, biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya, amma ka tambaya ko kowacce sai da nata lasisin. A sa UPS mai riƙe aƙalla minti 30 cikin kasafin, domin ɗaukewar wuta ko sauyi zuwa janareta a tsakiyar rubuta manhaja na iya hana na'ura tashi. A ajiye kebul na konsol da kwafin saiti kusa, kwafin kuma a kulle shi da kalmar sirri. A 2025 SonicWall ya amsa cewa an kwashe kwafin saitin duk abokan cinikinsa da ke amfani da ma'ajiyarsa ta intanet.

Faci yana rufe ƙofa ne, ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. A ɓarakar Citrix Bleed ta Oktoba 2023 tikitin shiga aka sace, don haka tantancewa mataki biyu ba ta yi amfani ba, kuma sai da aka kashe duk zaman da ke buɗe bayan faci. A Afrilu 2025 Fortinet ya bayyana cewa masu kutse sun bar wata ɓoyayyiyar mahaɗar fayil a na'urorin da aka riga aka gyara, suna ci gaba da karanta fayilolinsu. Barracuda kuwa a Yuni 2023 cewa ya yi a canza na'urorinsa na tace imel, ESG, da aka shiga gaba ɗaya. Saboda haka ka tambayi kamfani ko yana da kayan gwada ingancin manhajar na'ura, ka zaɓi samfuri mai Secure Boot, tsarin da ke hana na'ura tashi da manhajar da aka gurɓata, kuma bayan kowace babbar ɓaraka a canza kalmomin sirri, mabuɗai da satifiket, a duba ko an ƙara wani mai gudanarwa da ba a sani ba.

Duk wannan binciken ba zai yiwu ba in rajistar shige da fice a cikin na'urar kawai take, don ita mai kutse ke fara gogewa, ƙananan samfura da yawa kuma ba su da faifan ajiya. Ka ware wata sabar daban da za ta riƙa karɓar rajistar ta syslog, mai ɗaukar aƙalla ta wata uku. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, kuma daga wannan rajistar za ka fitar da ranar da aka shiga, asusun da aka bi, da abin da aka kwasa.