Hayar keken hawan dutse a ƙauyukan Jos: hanya ta yi, keke da sauran gyara

Akwai wasu matasa a Jos da ke ba da hayar keken hawan dutse, su haɗa ka da ɗan jagora ya zaga da kai ƙauyuka da tsofaffin wuraren haƙar kuza. Na biya kuɗina na bi su. Hanyoyinsu sun fi kekunansu kyau nesa ba kusa ba, ɗan jagoran da suka ba ni kuma shi ya fanshi kuɗin gaba ɗaya.

Abin da ka biya ya ƙunshi keke, hular kwano, ɗan jagora da ruwan sha. Abinci kai za ka ji da kanka. A tallarsu sun ce za a ga wuraren tarihi, kuma mutumin Kano ko Zariya da ya ji haka, ganuwa da ƙofofi da fada ne za su faɗo masa a rai. To babu ko ɗaya a karkarar da ake bi. Abin da ke nan ramuka ne da tuddan ƙasa da tafkuna da ƙarafa masu tsatsa, ba allo, ba rubutu, ba mai gadi. In ba ka tare da wanda ya san wurin, sai ka wuce ka ce ƙasa ce kawai da zaizaya ta cinye.

Kekunan na gwanjo ne, masu giya da faffaɗar taya, da sifirin a gaba mai shanye gargada. Wanda aka fara miƙo mini birkinsa na baya kuka yake yi ba ya kamawa, sarƙa kuma tana tsallake da zarar an taka da ƙarfi. Da na yi magana sai mai kula da su ya ce, "Alhaji, ai haka yake, in ya yi zafi zai saki." Ban yarda ba, aka sauya mini wani. Na biyun ya yi aiki, sai dai sirdinsa ya sha duniya, ga igiyar hular kwanon da ƙulli aka ɗaure ta. Wanda zai sauko daga dutse da keken haya, ransa na hannun birki, don haka wannan sakaci ba ƙarami ba ne a wurina. Abin yabo guda, ɗan jagora yana ɗauke da famfo da kayan faci da 'yan sifanu, kuma hannunsa ya faɗa. Ƙaya ta huda mini tayar gaba, kafin in gama shan ruwa ya like ta.

Hanya ta farko daga Rayfield take tashi, ta ratsa ƙasar Du ta nufi wajen Bukuru. Ita ce mai sauƙi, kuma ita ce na fi so. Burji ne da 'yar hanyar ƙafa, hawa kaɗan gangara kaɗan, tsakanin gonakin acca da dankalin Turawa. Mutanen Berom kan shinge gonakinsu da gidajensu da ƙyarana, wani wurin ta fi mutum tsawo, hanya ta matse har sai ka tattara gwiwar hannu. Ɗan jagora ya gargaɗe ni tun kafin mu shiga: kada a karya ta, in farin ruwanta ya taɓa hannu kada a kai ido. A mota ba za ka taɓa shiga irin wannan lungu ba, a ƙafa kuma rana za ta faɗi ba ka ga rabinsa ba. Nan keke ya nuna amfaninsa.

Kana fita daga shingen sai ƙasa ta buɗe, ga tafki shuɗi ko kore a ƙarƙashin gaɓa ja mai tsayi, gefensa tudu a tsaye wanda ciyawa ta kasa rufewa. Duk aikin hannun mutum ne. Tafkin ramin kuza ne da ruwa ya cika, tudun kuma ƙasar da aka kwashe daga cikinsa. Shi kansa tafkin shaƙatawa na Rayfield da ake shiga kwalekwale, asalinsa ke nan. A bakin ɗaya daga cikinsu muka jingine kekuna, ɗan jagora ya shiga ba da labari, kuma ba haddar takarda yake yi ba, domin kakansa lebura ne a wannan aiki.

Ba Turawa ne suka fara sanin kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin su zo ana narka ta a Riruwai, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano, a zuba ta 'yan sanduna sirara-sirara fatake su kai kasuwanni. Ganin waɗannan 'yan sanduna ne ya sa kamfanin Niger Company ya aiko mutanensa neman tushenta a farkon shekarun 1900, suka yi sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa, lebura ma haka, daga Kano da Zazzau da Bauci da Barno da sauran wurare. Barikokin da suka zauna su ne suka zama garuruwa irin su Barikin Ladi da Gindin Akwati da Mista Ali. Da farko a ka da bayan jaki ake fitar da kuzar, sai aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957.

Inda muryar ɗan jagora ta sauya shi ne da ya zo kan yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda yau take cikin ƙasar Malesiya, a 1942, Ingila ta rasa inda ta fi samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, har zuwa 1944. Talakawa ne da suka saba da zafin ƙasarsu, aka jefa su cikin ruwan sanyi a tudun da ya kai wajen mita 1,200, ba sutura ba wadataccen abinci. Da yawa ba su koma gida ba. A 1943 aka haƙi kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Mai yiwuwa wanda ke karanta wannan yana da kakan da aka ɗiba, don a gidaje da yawa har yanzu tsofaffi na ba da labarin wani da ya tafi Jos shiru kake ji. Daga baya kuzar saman ƙasa ta yi ƙaranci, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, farashi ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanonin suka watse suka bar ramukansu a buɗe.

Haƙar dai ba ta mutu ba. Gaba kaɗan muka iske mutane suna aikin da hannu. Maza na sauka cikin rami mai kama da rijiya, wanda suke kira loto, ana jawo ƙasa da bokiti da igiya. Mata na bakin ruwa suna wankewa. Na tsuguna kusa da wata dattijuwa, na ce, "Sannu da aiki, Mama," ta amsa ba ta ɗago ba. Tana juya kwano a hankali, ruwa na tafiya da jar ƙasa da farin yashi, har ya rage wani baƙin gari a gindin kwanon. Ta ɗebo ta zuba mini a tafin hannu. Ɗan kaɗan ne, amma nauyinsa ya ba ni mamaki. Kafin a ɗauki hoto a irin wannan wuri a nemi izini, kuma in an ce a'a a mayar da waya aljihu.

Ramukan loton nan su ne babban haɗarin hanyar. Wanda aka daina aiki a cikinsa ba a cike shi, ciyawa ce ke rufe bakinsa. Saboda haka in ɗan jagora ya ce a bi sawun tayarsa, ba iyayi yake yi ba. Tafkunan ma ba na wanka ba ne, gaɓarsu a miƙe take zuwa ƙasa, kuma sun sha cin mutane. Masu lambu ne suka ci moriyarsu, don da rani za ka ga injin ban ruwa na ta ƙara, ga kabeji da karas da latas da tumatir kore shar a inda aka taɓa yi wa ƙasa kaca-kaca.

Hanya ta biyu ta duwatsun Shere ce, gabas da gari, ana bi ta Lamingo. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, ita ce mafi tsayi a tudun Jos, kuma ba da keke ake kai mata ba, ana zaga gindin duwatsun ne ta ƙauyukan Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Hawan ya isa hawa. Wani wurin falalen dutse ne taya ta kama da kyau, wani wurin tsakuwa ce mai zamewa, wani wurin kuma sauka za ka yi ka saɓa keken a kafaɗa. Ni da na taso da keken zuwa makaranta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, numfashina ya gaya mini gaskiya tun a tudun farko. Ɗan jagora bai yi mini gaggawa ba. Ya nuna mini in sauke giya tun kafin hawa ya kama, in kuma ja jiki baya a gangara, in riƙa dannan birki biyu a hankali maimakon cafke na gaba. Daga sama kana hangen Jos gaba ɗaya da ruwan dam a ƙasa. Kallo ya yi, amma ta fuskar tarihi hanyar ba ta da abin faɗa sosai, kuma bai kamata su sa ta cikin tallar wuraren tarihi ba. Mai son gumi da duwatsu ya zaɓe ta, mai son labari ya tsaya a ta Rayfield.

Abin da na ga ya kamata su ƙara, ko da da ƙarin kuɗi ne, shi ne a ƙare zagayen a gidan tarihi na Jos. Ni da kaina na je daga baya. Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya kafa shi a 1952, kuma haƙar kuza ce silar mafi shaharar abin da ke cikinsa, wato gumakan yumɓu na Nok, masu shekara fiye da 2,000. A ramin kuza aka fara tono su a 1928, sannan a 1943 aka kawo wa Fagg wani kai da wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. A sani dai ƙauyen Nok yana kudancin jihar Kaduna, ba wurin da za a je da keke daga Jos a yini ɗaya ba ne. A harabar gidan tarihin akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da aka gina da ƙasa. Wanda ya fara ganin ramukan da idonsa zai fi gane abin da yake kallo a can.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Karkarar Filato ta sha rikici, kuma wasu garuruwan da na ambata suna cikin inda abin ya fi shafa. A nan matasan sun burge ni. Da safe suna buga waya ƙauyukan da za a ratsa, ɗan jagora ɗan yankin ne, yana jin Berom da Hausa, duk inda muka iske dattawa sai ya sauka ya gaisa. Akwai wata hanya da na so mu bi ya ce, "Yallaɓai, yau dai a'a," ban kuma tambayi dalili ba. Ban ba kowa shawarar ya ɗauki keke ya shiga waɗannan ƙauyuka shi kaɗai da taswirar waya ba, ko da ya iya hawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta tsane amma ciyawa ba ta bushe ba. A Yuli da Agusta jar laka na cika taya har ta ƙi juyawa, ga ruwan yamma da ba ya sallama. Disamba da Janairu kuwa sanyin safiya na sandarar da yatsu a kan birki, sai da safar hannu da rigar sanyi, hazo kuma ya rufe duk abin da ka hau dutse don ka gani. A fita da sassafe, a sa wando mai tsuke ƙafa don kada sarƙa ta kama shi, a riƙe ɗan abin taɓawa da kuɗi a hannu, domin cikin ƙauyen ba kowa ke karɓar tiransifa ba. Sallar azahar a kan falalen dutse muka yi ta da ruwan gora, saboda haka a ƙaro ruwa a kan wanda suka bayar.

Zan sake bin su, kuma zan kai iyalina hanyar Rayfield in suna da ƙananan kekuna. Sharaɗina shi ne in je da yamma kafin ranar fita, in hau keken da kaina, in gwada birki a gangara, in bi giya ɗaya bayan ɗaya, a ɗaura masa alama a ajiye mini. Ɗan jagora kuma a tambaya tun a waya ko ya san aikin kuza, don na ji wasu da suka fita rana ɗaya da mu suna cewa nasu ɗan jagoran tafkunan kawai ya nuna musu ya ce su ɗauki hoto.