Sharhi Kan Horon Bin Sawu Da Na Sa Aka Yi Wa Karena A Katsina

Ina da ɗan gidan gona a bayan Batagarawa inda nake kiwon tumaki da kaji, kuma domin gadinsu ne na ajiye kare, wanda yara suka laƙaba wa suna Duna. Uwarsa karyar mafarauta ce, ubansa kuwa irin karnukan Jamus ne da 'yan sanda suke aiki da su, saboda haka ya gaji dogayen ƙafafu daga uwa, ya gaji naci daga uba. Da ya kai wata 14 sai ƙarfi ya yi masa yawa, ya haƙe gindin katanga, ya tattaune tiyon ban-ruwa har sau biyu, ya kuma mayar da korar zabi sana'a. Na gwada sa shi gudu a bayan babur kowace yamma, amma abin da na samu shi ne kare mai ƙarin juriya, wanda zai huta rabin sa'a ya tashi kamar bai je ko'ina ba.

Likitan dabbobin da yake duba mini tumaki ne ya ce in daina gajiyar da ƙafafunsa, in ba hancinsa aiki. Shi ne ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya daga sashen karnuka, wanda yanzu yake koyar da bin sawu ga masu gidajen gona. Mun yi ciniki a kan zama shida, kowace Asabar bayan sallar asuba, a kan naira dubu 30, ya kuma sayar mini da ɗamarar ƙirji da igiya mai tsawon mita 10 a kan naira dubu 12. Kafin ya taɓa karen sai da ya nemi katin allurar haukan kare, ya duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa don neman kaska, wannan kuwa ya sa na fara ganin girmansa tun ranar.

Mun fara a ƙarshen watan Agusta, ƙasa tana da laima, ciyawa tana ɗauke da raɓa. Zaman farko ya ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa, domin ni na ɗauka za a ɓoye wani abu a daji a saki kare. Baba, kamar yadda nake kiransa, ya tattake wani ɗan fili da bai wuce mita ɗaya kowane gefe ba, ya watsa ƙananan gutsattsarin busasshiyar hanta a cikinsa kawai, bai sa ko ɗaya a wajensa ba. Duna ya shiga yana sunsuna, duk lokacin da hancinsa ya fita daga inda aka tattake sai ya tarar babu komai, ya dawo da kansa. Abin da ake so ya gane shi ne cewa warin ciyawar da aka murƙushe da ƙasar da aka tayar yana nufin lada. Sawu ba warin mutum kaɗai ba ne, haɗi ne na ruwan ganyen da ƙafa ta fasa, da ƙasar da ta motsa, da ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mai tafiya. Kare irin na Jamus yana da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200 a hancinsa, mutum kuwa nasa ba su wuce kusan miliyan 6 ba, don haka abin da muke gani fili ɗaya, a wurinsa hanyoyi ne rututu.

A zama na biyu muka ja layi miƙaƙƙe na taku 20, dunduniya tana taɓa yatsu, da hanta a cikin kowane sawu, iska tana bayanmu domin kada ta kawo masa warin abincin da ke gaba ya ɗaga kai. A nan ne jinin uwarsa ya nuna, saboda karnukan mafarautanmu da ido suka fi kama zomo, kuma Duna da ya hango motsi sai ya miƙe wuya ya manta da ƙasa. A nan ne kuma na gane cewa ni ake horarwa fiye da karen. Ina ta kiran sunansa, ina nuna masa da yatsa, ina jan igiya, har dattijon ya tsaya ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai kana jin warin ne? To in ba ka ji, ka kama bakinka, ka kama igiyarka." Na ce, "Baba, ai kada ya ɓata ne." Ya ce in bar shi ya ɓata, domin karen da ba a bari ya nemo sawu da kansa ba, fuskar ubangidansa zai riƙa karantawa har ya tsufa.

Wannan darasi shi ne mafi daraja a duk abin da na biya wa kuɗi. Ya koya mini in lura da jelar karen da sautin numfashinsa, domin idan yana kan sawu sunsunarsa tana fita a jere da sauri, jela tana kaɗawa a hankali, idan kuwa ya rabu da shi sai kai ya ɗagu, numfashi ya canza, ya fara zagaye. Ya koya mini in tsaya cak a inda nake, in saki igiya daidai gwargwado, kada in taka gaba har sai ya sake dafa hanci. Zuwa zama na huɗu mun rage hanta zuwa kowane taku biyar, mun sa lanƙwasa guda a sawun, mun kuma bar sawun ya yi minti 15 kafin a kawo kare. Ga mai son ma'auni, a matakin farko na gwajin karnukan aiki da aka faro a Jamus, a da sawun taku 300 ne da lanƙwasa biyu, kuma ana barinsa ya yi minti 20, Duna kuwa ya kai kusan rabin wannan tsawon a zama na shida.

Game da abin da ya kai ni tun farko, buƙata ta biya. Aikin da bai wuce minti 20 ba yana kwantar da shi har azahar, abin da gudun babur bai taɓa yi ba, kuma tun makon nan na uku bai sake taɓa tiyo ba. Haƙa dai bai bari gaba ɗaya ba, zabi kuma har yanzu suna kaffa-kaffa da shi. Wasu abokai sun tambaye ni batun tsarki, amsata ita ce karen gadin dabbobi yana cikin waɗanda aka yi rangwamen ajiyewa, ba ya shiga ɗaki, kuma ina da tufafin da na ware domin wannan aiki.

Sai dai akwai inda ban gamsu ba, kuma babbansu shi ne shirun da Baba ya yi a kan yanayi. Duk zamanmu shida a damina muka yi su, muka gama a farkon Oktoba, ya yi mini sallama ba tare da ya ce komai game da rani ba. Da hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, ƙasa ta zama rairayi, sai Duna ya kasa bin taku 30, na shiga zargin ko ya manta ne ko kuwa na ɓata shi da hannuna. Da na buga masa waya sai ya yi dariya ya ce ai kowa ya san laima ce take riƙe wari, busasshiyar iska kuwa kwashe shi take yi. Wanda ya yi shekaru a aikin ne ya sani, wanda ya biya kuɗi don ya koya bai sani ba, kuma a gari irin Katsina, inda damina ba ta wuce wata huɗu, wannan ya kamata ya zama darasin farko. Haka nan bai yi mini gargaɗi a kan ƙarangiya da tsidau ba sai da karen ya yi ɗingishi, alhali duba tafin ƙafa bayan kowane aiki abu ne na minti ɗaya. Kububuwa ce kaɗai ya ambata, ya ce kada in ja sawu ta cikin tarin karan gero ko duwatsu, wannan kam ya kyauta.

Kayan da ya sayar mini ma rabi da rabi ne. Ɗamarar ƙirjin tana da kyau, ba ta shaƙe wuya, kuma da na ɗauko ta Duna yake sanin aiki ya zo. Igiyar kuwa ta roba ce mai santsi, ta zare mini fatar tafin hannu ranar da ya fizga, ga ta da kwasar ƙarangiya, har na koma kasuwa na yanko ta auduga mai faɗi da kuɗi kaɗan. Wani lokaci kuma tsohon halin bariki yana motsa masa, ya fizgi kare da ƙarfi idan ya yi wasa, abin da ya saɓa wa haƙurin da shi kansa yake koyarwa. Sau ɗaya na roƙe shi ya bari, ya kuma bari. Koyar da kare ya kwanta idan ya tarar da abin da aka yar a kan sawu, kamar tsumma ko guntun fata, a gurguje muka taɓa shi a rana ta ƙarshe, don haka har yanzu Duna tsallake su yake yi.

Wanda yake da kare mai yawan ƙarfi da filin da zai yi aiki, ina ba shi shawarar ya nemi irin wannan horo, amma ya fara da saukar ruwan Yuni domin ya sami damina cikakkiya, ya yi amfani da hanta ko huhu da aka busar ba gishiri, ya guji kilishi da tsire saboda yaji da albasa, ita albasa ma guba ce ga kare. Kada kuma ya fita da rana ta ɗaga, domin kare mai haki ba ya iya sunsuna yadda ya kamata, zafin Afrilu kuwa a nan yakan haura digiri 40. Ni yanzu a gefen lambu nake jan sawu, da sassafe, a inda aka yi ban-ruwa da yamma, na kuma mayar da hanta kowane taku uku har ƙasa ta sake jiƙa. Mun yi magana da Baba zan koma wurinsa zama biyu idan damina ta faɗi, a kan kwanciya bisa kayan da aka yar kawai, kuma da igiyata zan je.